Garin Kunu Daga Tasawa

Gurda, Sabha
12 ga Nuwamba

Yaya Hadjara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata man zafin ƙafarta yana cikin ledar da Barka direba zai ba ki tare da takardar nan. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, da ruwan famfo mai zuwa ran da ya ga dama.

Na rubuto ne saboda akwai maganar da ba ta waya ba ce. Waya ɗaya ce a ɗakin nan, ta maigidana. In ya kira ku ran Juma'a yana zaune kusa da ni, ke ma can duk gida an kewaye ki, sai "lafiya lau" muke ta jefa wa juna har layi ya yanke.

Kin san ɓarin da na yi lokacin da kuke damina shi ne na uku, ga shekara takwas da aure ba goyo. Fatma, matar mai gidan da muke haya, ta gaji da ganina ina kuka a bakin ƙofa, ta ja ni wajen wata likita a unguwar Jadid, sunanta Nour. Ta ɗora ni a sikeli, kilo casa'in da takwas. Ta ɗibi jini. Ta ce ina da ciwon sukari, tansiyona kuma ya hau, wato hawan jini, su ne suke zubar mini da ciki. Na ce mata duk gidanmu haka muke, Inna da jikinta ta haifi bakwai. Ta ce Inna tana daka, tana zuwa rijiya, tana zuwa gona, ni fa me nake yi? Yaya, shekara huɗu a Sabha, daga katifa sai gaban tukunya, daga gaban tukunya sai bakin ƙofa, ga makaroni da burodi da shayi mai sukari safe da yamma.

Ta ce in riƙa tafiya da ƙafa. Fatma ta tuntsire da dariya ta ce, "Baƙuwa ba takardar zama ta yi yawo a titin Gurda? Ai ƴan sanda ne za su rage mata nauyin." Sai likitar ta ɗauki biro ta zana mini ƴan mutane a takarda, ta ce to in yi a ɗaki.

Ga aikin ƙanwarki yanzu, ki yi dariya in kin ga dama. In zauna a kujera in tashi ba tare da na dafa ba, sau goma. In dafa bango da hannu biyu in tura, sau goma. In cika gora biyu da ruwa in ɗaga su sama da kaina in sauke. In kwanta a tabarma in ɗaga ƙugu. Kowanne zagaye uku, kwana uku a sati, sauran kwanakin jiki ya huta. Ranar farko a na shida na tsaya ina haki, washegari kuwa da dafa bango na shiga bayi. Maigidan ya tarar da ni ina kokawa da garu, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi yini yake ɗaukar bulo don dole, ni kuma na samo ɗaukar kaya na marmari. Amma shi ya wanke mini gorunan ya cika su, kuma ya daina sa sukari a shayinsa don kada in ji kwaɗayi.

Ban sani ba ko zai yi amfani. Abin da na sani, na gaji da wankin zanen jini. Ina son in riƙe ɗa mai rai, ko da ɗaya ne. Kada ki karanta wa Inna wannan wajen, ki ce mata ina lafiya.

Ƙanwarki,
Rahamatou


Tasawa
20 ga Disamba

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da man zafin. Inna ta ce Allah ya yi miki albarka. Yara lafiya, sai tarin sanyi. An sami gero bana, alhamdu lillahi.

Na karanta sau biyu, ban yi dariya ba. Rahamatou, ke ce da tura bango? Ni na goye ki. Ni na tsare ki a ɗaki wata biyu kafin bikinki ina ɗura miki fura da nono da man shanu, har matan unguwa suka ce ba a taɓa fitar da amarya mai cika ido irinki ba. Jikin da muka gina da wahala shi wata za ta ce ki zubar? Haihuwa ta Allah ce, ba ta sikeli ba. Mace ba jiki, da me za ta riƙe cikin, da me za ta shayar?

Kuma bari in tambaye ki, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Kin ce Salissou ya daina sa sukari a shayi. Daina sawa ya yi, ko babu ne? Mun ji aiki ya yi wuya a Libiya, mutane suna yini a bakin titi ba wanda ya ɗauke su. In babu ce ta shigo muku ba abin kunya ba ne, ki faɗa mini. Kada ki ɓoye mini yunwa ki ce likita ce ta sa ki.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ki ajiye gorunan nan ki ci abinci. Na karɓo miki rubutu, yana cikin ƙullin, ki sha da bismillah.

Yayarki,
Hadjara


Gurda, Sabha
18 ga Afrilu

Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun sha ruwa lafiya, Inna ma ta iya azuminta. Ki yi haƙuri da shirun, motar Barka ce ta lalace, aka kuma rufe hanya, wata uku bai sauko ba.

Na sha rubutun, na gode. Maganar babu kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma namu ba ta nan yake yi ba. Buhun shinkafa yana jingine. Ran Juma'a akwai nama. Mutumin naki har ganye da tumatir yake tsaya ya sayo mini wajen masu kawowa daga Samnu, abin da da yake cewa abincin awaki ne. Ba wanda ya ɗauke mini kwano, ni na rage shi da hannuna.

Yanzu ki ji abin daɗi. Gorunan nan sun yi mini sauƙi, na koma bido, wato jarka, mai lita biyar, ɗaya a kowane hannu. Tashi da zama da na kasa shida, yau ina yin ashirin, rungume da bido a ƙirji. Satin da ya wuce aka kawo tukunyar gas aka ajiye a ƙofar gida, ban jira kowa ba, na cicciɓe ta har ɗaki. Fatma ta gani ta ce ita ma za ta fara. Ta yi kwana biyu, ran na uku ta aiko ta ce tana da baƙi, har yau baƙin ba su tafi ba.

Ba zan ce miki da daɗi kullum ba. Akwai ranar da nake kallon bidon kamar in watsa shi waje. Da azumi sai bayan la'asar nake yi, kaɗan kaɗan. Amma likita ta auna ni kafin Sallah, kilo tamanin da biyar, sukari ya sauka, tansiyo ya kwanta, har ta tafa mini. Na daina farkawa da ciwon kai. Tela ya rage mini riguna uku. Yaya, ashe ina da wuya! Rabon da in gan shi tun muna ƴan makaranta a lakwal.

Ga foton da muka ɗauka ran Sallah, na sa an wanke don Inna ta riƙe a hannunta. Ki duba da kyau ki ga yadda nake tsaye.

Taki,
Rahamatou


Tasawa
16 ga Mayu

Rahamatou,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Na miƙa wa Inna foton, ta juya shi ta sake juyawa ta ce, "Wace ce wannan kusa da Salissou?" Da na ce ke ce, sai ta sa zane ta rufe fuska. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ƙashin wuyanki a waje, kumatu sun zube, riga tana yawo a jikinki, kina yaƙe kina ce mana murmushi ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma mun tambaya.

Matan da suka shigo gaishe da Inna duk sun gani. Wata ta ce yunwa ce. Wata ta ce irin ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa, wanda maza ke kwasowa a tafiya. A gabana aka faɗa, Auta, a ɗakin uwarmu.

Ban iya zama ba. Na yafa mayafi na tafi gidan Habsatou, uwar Salissou, na tarar da ita da mutane a tsakar gida, ban jira sun tashi ba. Na ajiye mata foton na ce ga yadda muka ba ku ita kun sani, ga yadda ɗanku ya mayar da ita. Na ce in ba zai iya ciyar da mace ba ya sa ta a mota, gidan ubanta ba a rasa gero ba. Daga nan na kira shi na faɗa masa haka nan a kunnensa. Ya kashe wayar.

Na san za ki ji haushi. Ki ji. Kina kare shi don kina da kunya, haka kike tun kina ƙarama, a ƙwace miki abu ki ce ke kika bayar. Ni ba ni da wannan kunyar a kanki.

Hadjara


Gurda, Sabha
14 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Ba don Inna ba da ban ɗauki biro ba.

Me na yi miki? Na aiko miki da abin da nake alfahari da shi, kin ɗauke shi kin kai kasuwa. Mutumin da yake fita tun asuba ya hau bene da bulo a kafaɗa cikin zafin nan na Sabha, ya dawo ya tambaye ni ko na yi ɗaga bidona, shi kika je kika tsinka a gaban uwarsa. Ta kira shi tana kuka. Ranar ya zauna a bakin katifa ya ce mini, "Rahamatou, ki faɗa mini gaskiya, na taɓa barin ki da yunwa?" Na rasa inda zan sa kaina.

Ya rantse ba zai ƙara ɗaukar kiranki ba, ni kuma ban roƙe shi ba. Daga yau sai takarda.

Kin ce ina da kunya. To ki sani, ba kunya ce ta sa na sauke jikin nan ba, kabari uku ne da ba su da suna. Lokacin da nake cika muku ido, ni kaɗai nake kwana a cikin jini, ba wadda ta je gidan kowa ta yi faɗa saboda ni.

Kwanakin nan ko abincin ma ba ya shiga, na ƙara faɗawa kilo biyu, na faɗa miki da kaina kafin wani ya kawo miki. Akwai abin da nake riƙe da shi a raina, ba zan rubuta ba sai lokacinsa. Kada ki tambaye ni, kada ki tambayi Barka. In kina sona ki taya ni da addu'a, ki kama bakinki.

Rahamatou


Tasawa
9 ga Yuli

Autar Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, an yi shuka, ruwa yana sauka.

Na ji maganarki, na kama bakina. Ba zan ƙara tambayar ki komai ba. Tunda abinci ba ya shiga, ga garin kunu tiya shida, da hannuna na yi shi, gero da gyaɗa da kayan ƙamshi. Ban sa sukari ba tunda likitarki ta hana. Ki dama safe da yamma, kada ki tsallake. Naki ne ke kaɗai, na mata ne, kada ki ba kowa.

Ko kina fushi da ni ki sha, don Inna.

Yayarki,
Hadjara


Gurda, Sabha
28 ga Agusta

Yaya Hadjara,

Assalamu alaikum. Ina fata damina tana kyau, kowa lafiya. Fushina ya sauka, kunun ki ne ya sauke shi. Ranar da na buɗe buhun na ji ƙamshin gida, sai da na yi hawaye.

Yanzu ki zauna, ki sallami yara, ki karanta a hankali. Ina da ciki. Wata biyar. Na ɓoye ne don na baya duk na yi saurin faɗa, bakin mutane ya shiga, ba wanda ya wuce wata uku. Wannan karon na ce ko ke ba za ki ji ba sai ya yi motsi. Ya yi, Yaya. Shekaranjiya ina tsintar shinkafa ya shure ni, na saki tiren. Shi ne abin da na ce ina riƙe da shi, shi ya hana ni cin abinci wancan lokacin. Kin ga bidon da kika raina.

Kunun yana da ɗan ɗaci a ƙarshe, na ce ko wata saiwa kika sa. Maigidan ne yake dama mini da kansa kafin ya fita aiki, ya tsaya a kaina ya ce, "Shanye, mutanen Tasawa su ga ban hana ki ba." Har yanzu abin yana masa ciwo, amma ya ji daɗin aiken. Tun da na fara sha ci ya buɗe mini, ba na ƙoshi. Fuska ta cika ta yi tim. Ga wani foton, ki kai wa Inna ta huce, ki gaya mata labarin a kunne.

Sai dai jikin yana mini wasu abubuwa. Ƙishi ba dare ba rana, fitsari kamar an buɗe famfo, ƙafafu sun kumbura. Likita ta ce in ci gaba da motsa jiki mara nauyi, amma ni da nake tashi daga kujera sau ashirin, yanzu a na biyar cinyoyi sai su ƙi. Fatma ta ce haka ciki yake. Ban san yadda yake ba, ban taɓa kaiwa nan ba.

Sati shida ban je awo ba. Ana kame a Jadid, duk wanda ba shi da takarda sai a mota, an kwashi mutum huɗu daga wajen aikin maigidan. Ya ce in lafa tukuna, kada a je neman lafiya a kwana a gidan kaso da ciki. In ƙura ta kwanta zan je.

Ki yafe mini maganganun da na rubuta. In Allah ya sauke ni lafiya, in mace ce kin san sunanta.

Ƙanwarki,
Rahamatou


Tasawa
19 ga Satumba

Rahamatou,

Ki daina shan kunun. Daga inda kika karanta layin nan ki ajiye shi, ki je wajen likita a ranar, ko ana kame ko ba a yi.

Innalillahi. Ban san ta inda zan fara ba. Da kika ce abinci ba ya shiga kuma kina ɓoye wani abu, na ɗauka wahalar da Salissou ke ba ki ce kike rufewa. Ni da na haifi shida ban gane ba, don na riga na yanke hukunci a zuciyata. Na je kasuwa wajen mai tebur na sayi ƙwayar ƙiba, wadda ake ce wa sha-ka-fashe, irin da ake ba amare. Na daka ta na tankaɗe cikin garin, duka tiya shidan. Na san in na ba ki a fili ba za ki sha ba. Rabin matan unguwar nan sun sha, ban ga wadda ta mutu ba. Wallahi so nake ki dawo yadda kike.

Jiya takardarki ta zo. Inna ta ga foton ta yi guɗa, ta ce yanzu ƴarta ta dawo. Ni kuwa da na karanta maganar ƙishi da kumburi gabana ya faɗi. Na je farmasi na nuna wa mai maganin kwalin, na ce wata ce mai sukari da ciki take sha. Ya miƙe tsaye ya ce wa ya ba ta? Ya ce tana hau da sukari da tansiyo, kumburi ne ba ƙiba ba, kuma kada a yanke ta kai tsaye sai likita ya gani. Don haka ki kai wa likitarki sauran garin da takardar nan.

Na kira Salissou sau goma sha ɗaya bai ɗauka ba. Na ari wayar maƙwabciya, yana jin muryata ya kashe. Na san in uwarsa ta kira zai ɗauka. Na yafa mayafi har na kai bakin lungunsu, na tsaya. Auta, da wane baki zan shiga gidan da na yi wa wancan cin mutunci in ce ni ce na sa miki magani? Gari duka zai ji kafin magariba, Inna ma za ta ji. Na juyo. An ce Barka yana Agadas zai tashi cikin satin nan, na ba yaron mota takardar ya kai masa hannu da hannu. In sha Allah za ta riske ki da wuri.

Garin gyaran gira nake neman tsone ido. Ki yafe mini, ki rufa mini asiri.

Yayarki,
Hadjara


Gurda, Sabha
30 ga Oktoba

Hadjara,

Ina da rai. Ki gaishe da Inna.

Takardarki ta iso ran 12 ga wata. Barka ya yi sati biyu a Agadas yana jiran ayari. Motsi ya tsaya ran 6.

Na yini ina jira ya shure ni, na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu, na kwanta ta dama. Washegari mijin Fatma ya sa ni a motarsa ya ratsa da ni shingen ƴan sanda ya ce ni ƴar aikinsa ce. Likita ta auna sukari ta sake aunawa, ta ce na'urar ta kai ƙarshenta. Ta tambaye ni me nake sha. Na ce ba komai, sai kunun yayata. Da alfahari na faɗa.

Kwana biyu ina naƙudar abin da na san ba zai yi kuka ba. Namiji ne. Ya yi gashi, ya yi farce. Sun bar ni na riƙe shi kafin maigidan ya naɗe shi, shi da mutum uku daga wajen aikinsu suka kai shi maƙabarta. Na ce ina son in riƙe ɗa, na riƙe.

Da takardarki ta zo na kai wa likita ita da sauran garin, Fatma ta juya mata zuwa Larabci. Ta ce ba za ta rantse cewa ƙwayar kaɗai ce ba, mai sukari kullum a bakin rami take. Amma ta ce da na zo mata sati biyu kafin nan, da akwai abin da za ta iya yi. Yanzu tana janye ni daga maganin a hankali. Ta ce in na yi arba'in in koma ƙananan goruna, daga farko. Shekarata talatin da huɗu. Zan koma, ba ni da wata hanyar.

Na karanta wa maigidan takardar, don ya yi kwanaki yana cewa shi ya kashe ɗansa da ya hana ni zuwa awo. Ya ɗauki ludayin da yake dama mini ya fita da shi, ban tambaye shi inda ya kai ba.

Maganar ƙwayar, na juya ta na juya, na ga zan iya yafewa. Jahilci ne da so, kuma ni ma da na faɗa miki ina da ciki da ba ki sa ba. Wannan kasona ne, zan ɗauka. Shi ma da ya ɗauki waya, wannan nasa ne, yana ɗauke da shi.

Amma ran 19 ga Satumba kin sani. Ɗana yana da rai ranar, ya ƙara kwana goma sha bakwai yana motsi, ni kuma ina shan kunun ki safe da yamma. Tsakaninki da gidan surukata lungu uku ne. Da za ki je zagi ba ki jira mutane sun tashi ba. Da za ki je ceto sai kika ji kunya, kika ba hamada takarda. Wannan ne ba na iya haɗiyewa.

Kin ce in rufa miki asiri. Jiya surukata ta kira. Ta ce ba ta iya zuwa suna ko biki, duk inda ta zauna ana nuna ta, ana cewa ɗanta ya bar matarsa da yunwa har mahaifarta ta kasa riƙe ɗa. Maganar da kika shuka ce. Maigidan yana riƙe da wayar, ya san gaskiya, ya kalle ni, bai faɗa mata ba saboda ke yayata ce.

To ni ba zan rufa ba, kuma ba ni zan tona ba. Ki yafa mayafin nan ki koma gidan, lokacin da tsakar gida take cike kamar wancan karon. Ki tsaya inda kika tsaya, ki faɗa musu abin da kika daka a cikin garin. Daga nan ki dawo ki faɗa wa Inna da bakinki. Ba zai dawo mini da komai ba, amma mutumin nan zai iya shiga garinsu da kai a sama.

Na gaya wa Barka kada ya karɓo mini takarda ko ƙulli daga hannunki. Ran da surukata ta kira ta ce kin je, ranar zan san ina da yaya a Tasawa.

Rahamatou